Ashe zuciya ce

Wata biyu Baba na fama da haki, ƙafafu a kumbure, barci sai a jingine da bango. Muna ta sayen maganin nimoniya a kemis ɗin ƙauyenmu, shiru. Har yanzu abin na ci mini rai.

Ranar Talata muka kai shi Haɗeja. Likita ta ɗora na'urar sikanin tsakanin haƙarƙarinsa, dama da hagu. Fararen layuka suka zubo a allon na'urar kamar hasken tocila, ko'ina. Ta ce, "Malam, duba. Ruwa ne ya taru a huhu, zuciya ta gaza. Nimoniya yawanci wuri guda take cushewa, wurin ya koma kamar hanta a hoton."

Aka yi masa allurar sa fitsari don ruwan ya fita. Jiya, alhamdulillahi, Baba ya kwanta a miƙe a tabarmarsa har kiran asalatu.