A Jamus, sai ka shiga kulob ɗin harbi kafin a sayar maka da fistol?

'Yan uwa na gida suna yawan yi min tambayar nan, musamman in aka ga labarin harbe-harbe a Turai, wai shin gaskiya ne a Jamus ba a sayar wa mutum ƙaramar bindiga sai yana cikin kulob ɗin harbi? Toh ga yawancin mutane eh, haka abin yake. Dokar makamai ta ƙasar ba ta fito ta ce "sai ɗan kulob" ba, cewa ta yi sai ka nuna buƙata, wato dalilin da hukuma za ta yarda da shi, kuma dalilan ba su da yawa. Ko dai kai mafarauci ne da ya ci jarrabawar farauta, wanda aka yarje masa ƙananan bindigogi biyu, ko mai tara bindigogin tarihi, ko gadonta ka yi, ko kuma kai ɗan wasan harbi ne. Ka je ofis ka ce kana tsoron ɓarayi ko unguwarku ba tsaro, wallahi ba za ka samu ba, sai ka tabbatar musu haɗarin da ke kanka ya zarce na sauran jama'a nesa ba kusa ba, kuma da ƙyar ake ba wani ta wannan hanyar. Shi ya sa wanda ba mafarauci ba, ƙofar da ta rage masa ita ce kulob.

Kuma ba wai ka biya kuɗin rajista yau gobe ka nufi shago ba ne fa. Sai ka yi wata 12 cur kana memba a kulob ɗin da ke ƙarƙashin wata babbar ƙungiya da gwamnati ta amince da ita, a cikin shekarar nan kuma ana so a ga kana zuwa harbi, ko sau ɗaya kowane wata ba fashi, ko sau 18 a shekarar gaba ɗaya, da bindigar kulob za ka riƙa yi tunda ba ka da taka. Sannan ka zauna jarrabawa kan doka da sarrafa makami. Sannan hukuma ta bincike ka, 'yan sanda, rajistar masu laifi, daga 2020 ma har hukumar leƙen asiri ta cikin gida ake tambaya ko kana da alaƙa da masu tsattsauran ra'ayi. In bindigar mai babban harsashi ce sai ka kai shekara 21, in kuma ba ka kai 25 ba sai ka kawo takardar masanin halayyar ɗan adam cewa kanka ɗaya, da kuɗin aljihunka. Bayan duk wannan ne ƙungiya za ta rubuta cewa eh, wane yana buƙatar irin wannan bindigar don irin wannan wasan, a ba ka koren kati a rubuta irin bindigar a ciki tun kafin ka saya, in ka saya kuma kana da sati biyu ka kai rahoto. Ba ka sayen fiye da biyu cikin wata shida. Mu baƙi ma doka ba ta hana mu nema ba, amma hukuma na iya ƙin ba ka in ba ka yi shekara biyar a ƙasar ba.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne katin nan na mallaka ne kawai, bai ba ka damar soke ta a ƙugu ka shiga gari ba. Daga gida zuwa filin harbi, babu harsashi a ciki, a kulle cikin akwati. A gida kuma sai cikin sef na ƙarfe mai ƙarfin da doka ta ƙayyade.

Wani abokin aikina ya taɓa ɗaukata kulob ɗinsu a matsayin baƙo, wani ɗan gini ne a bayan gari kusa da daji, in ba don allon da ke ƙofa ba ka ce wurin shan kofi na tsofaffi ne. Kafin komai sai da aka miƙo littafi kowa ya rubuta sunansa da ranar, mai kula da fili ya sa hannu, wannan littafin shi ne shaidarka in shekara ta cika. Wani dattijo mai farin gashi ne ke kula a ranar, ya ba ni abin toshe kunne, ya tsaya daf da kafaɗata bai matsa ba har na gama. Da ya ba da umarnin tsayawa kowa ya cire gidan harsashi, ya buɗe bindigarsa, ya ajiye a kan tebur bakinta na kallon gaba, ya ja da baya, babu wanda ya ƙara kai hannu wajen tebur har waɗanda suka je duba takardun saiti a mita 25 suka dawo. Wani saurayi ya ɗan juya da bindiga a hannu zai yi wa na kusa da shi magana, dattijon nan ya daka masa tsawar da ni kaina sai da na firgita.

Gaskiya ni ina goyon bayan wannan tsarin, kuma ba na ɓoyewa. Mutumin da ransa ya ɓaci yau, ya yi faɗa da matarsa ko aka kore shi daga aiki ko baƙin ciki ya rufe shi, shekara guda tana da tsawo ƙwarai, zuciya na iya sauka a cikinta. Kuma a shekarar nan yana gaban idon mutane, suna ganin yadda yake riƙe makami da yadda yake magana. Kamar yaron shago ne, ba ranar da aka kawo shi ake damƙa masa makulli ba. Ostireliya ma haka suka bi bayan harbin jami'ar Monash a 2002, mai son fistol don wasa sai yana kulob kuma yana halartar gasa. Birtaniya kam bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996 hana ƙananan bindigogi suka yi kusan gaba ɗaya. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ruwanta da kulob, ka kai 21, ka cike fom a wajen dila, a duba sunanka a kwamfuta, sauran sharuɗɗa ya danganta da jihar da kake. Najeriya ma tunda za ku tambaya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattu, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake, maganar kulob ba ta ma taso ba.

Amma fa akwai inda abin ke ci min rai, don da yawa daga cikin manyan musibun da aka yi a Jamus da bindiga, in ka bi sawu sai ka ga ta ƙofar kulob ɗin nan makamin ya fito. Erfurt, 26 ga Afrilu 2002, yaro ɗan shekara 19 da aka kora daga makaranta ya koma ya kashe mutum 16, yawancinsu malamai, ɗan kulob ne da katinsa. Bayan wannan ne aka kawo maganar shekara 21 da gwajin 'yan ƙasa da 25. Winnenden kusa da Stuttgart, 11 ga Maris 2009, ɗan shekara 17 ya kashe mutum 15 da fistol ɗin babansa, uban ɗan wasan harbi ne, sauran bindigoginsa na cikin sef amma wannan ɗaya ya bar ta a ɗakin kwana. Kotu ta kama uban da laifin sakaci, daga nan kuma aka ba hukuma damar zuwa gidan mai bindiga ta duba ajiya ba tare da an zarge shi da komai ba.

Wanda ya fi tsaya min a zuciya shi ne Hanau, 19 ga Fabrairu 2020. Mutum tara aka kashe a wuraren shan shisha da wani ɗan kiyos da kewayensu, dukkansu 'ya'yan baƙi ne, asalin Turkiyya, Bosniya, Afganistan, Romaniya, Bulgeriya, wasunsu nan aka haife su nan suka yi makaranta, an zaɓe su ne saboda kamanninsu kawai. Duk wani baƙo da ke ƙasar nan ya san da shi ma zai iya kasancewa a wurin a daren. Wanda ya yi kisan shekararsa 43, ya daɗe yana kulob, takardunsa cikakku, kuma watanni kaɗan kafin nan ya rubuta wa ofishin babban mai gabatar da ƙara na tarayya doguwar takarda cike da surutan da ke nuna kansa ba daidai ba, amma bindigoginsa suka ci gaba da zama a hannunsa. A Hamburg ma a Maris 2023 wanda ya buɗe wuta a wurin ibadar Shaidun Jehobah ta hanyar wasan harbi ya samu tasa, har wasiƙar gargaɗi wani ya aika wa hukuma a kansa, jami'ai suka je gidansa suka duba suka tafi suka bar masa ita.

Ban ce a ɗora wa 'yan kulob laifi duka ba, babbar ƙungiyarsu tun 1861 take, membobinta sun haura miliyan ɗaya, da yawansu ma bindigar iska kawai suke harbawa, su yi bikinsu na shekara da kaɗe-kaɗe su koma gida. Dattijon da ke sa hannu a littafi aikin sa kai yake yi, ba likita ba ne ba ɗan sanda ba, abin da zai iya gani shi ne ka zo ko ba ka zo ba, ka bi ƙa'ida a fili ko ba ka bi ba. Mutum na iya zuwa sau 18 yana gaisuwa cikin ladabi alhali abin da ke ransa daban. Nauyin hukuma ne, kuma nan ne nake ganin sakaci, ofishin da ya san mutum ba shi da lafiya daban, ofishin da ke riƙe da fayil ɗin bindigarsa daban, labari bai cika tsallakawa ba. Sannan dokar ta ce ana sake duba buƙatarka bayan shekara biyar da bayan shekara goma, in ka wuce goma zama memba kaɗai ya isa ko ba ka zuwa, wannan kam ban ga hikimarsa ba, tunda dalilin da aka ba ka tun farko shi ne wasa.

Iyayen yaran Winnenden da wasu masu fafutuka sun daɗe suna cewa bindigar wasa ta daina kwana a gida. 'Yan kulob na amsawa da cewa in aka tara ɗaruruwan bindigogi a ɗan gini ɗaya a bakin daji an haɗa wa ɓarayi ganima ne, kuma na ga ginin da idona, maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Amma ko ba a kai ga haka ba, ni dai a raba harsashi da gida, a saya a fili a harbe a fili, ragowar a kulle a can, sannan gwajin lafiyar ƙwaƙwalwa ya hau kan duk mai nema karon farko, ɗan 22 ne ko ɗan 43.