Abin da kwatanta kuɗin biranen zamani ya koya min

A binciken da muka yi kan yadda ƙasashe ke zuba kuɗi a harkar biranen da ke tafiya da fasahar zamani, wato simat siti, babban abin da na ɗauka shi ne yawan kuɗi kaɗai baya gaya maka komai. Suna ɗaya kowa ke kira amma fa ciwon da kowace ƙasa ke nema wa magani daban ne.

Duba Indiya, a 2015 ta ƙaddamar da shirin birane 100, gwamnatin tsakiya ta ware rupi biliyan 480, sai dai kaso mai tsoka na kuɗin nan a titi da ruwan sha da magudanai da cibiyoyin sa ido kan gari ya tafi, aikin gini kenan ba binciken jami'a ba. Ita kuwa Amurka gasa ta sa, birane 78 suka shiga, Columbus ta jihar Ohayo ta cinye dala miliyan 40 a 2016, kuma duk maganar sufuri ce. To don Allah ta yaya mutum zai jera waɗannan biyun a layi ɗaya yace wance ta fi wance himma? Ai sai ka fara tambaya kuɗin nan na bincike ne ko na kwangila, kuma daga aljihun wa ya fito.

Tarayyar Turai hankalinta na kan sauyin yanayi, a ƙarƙashin shirinta na tallafa wa bincike mai suna Horizon Europe tana so birane 100 su daina ƙara wa duniya hayaƙi nan da 2030. Japan da tsarinta na Society 5.0, wato shigar da fasahar zamani cikin rayuwar yau da kullum, damuwarta tsofaffi sun yi yawa, masu aiki na raguwa.

Amma wallahi abin da yafi tsaya min a rai shi ne maganar bayanan mutane, don a takardun kasafi da wuya ka ga an ba ta muhimmanci kamar yadda ake ba kyamara da na'urori. A Toronto ta ƙasar Kanada kamfanin Sidewalk Labs ya janye daga aikinsa na gina unguwar simat siti a 2020, shi dai yace matsin tattalin arziki ne, amma kafin nan an daɗe ana kai ruwa rana da mazauna garin kan wa zai mallaki bayanansu. Shi yasa yanzu duk shirin da aka miƙo min, nan nake fara dubawa, sai kuma wa zai ci gaba da biyan kuɗin gyaran na'urorin idan tallafin ya ƙare.