Maki 296 da shekarar da na ɓatar wa 'yata

Har yau idan na wuce ta gaban shagon kwamfutar nan da ke bakin titinmu sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ba yaron shagon nake jin haushi ba, shi abin da na ce ya yi mini shi ya yi. Ni na kai 'yata wurin, ni na biya kuɗin, ni kuma na linke takardar na cusa a aljihu ban tsaya na karanta abin da ke samanta ba.

'Yata ta fari, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata ta ci, tun tana ƙaramar sakandare take cewa likita za ta zama. A 2023 ta zana JAMB. Rajistar ta faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, sai da na yi kwana biyu ina bin masu POS, amma wannan ba abin ba da labari ba ne, kowa ya sha. Ta rubuta Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks, sakamako ya fito, 296 cikin 400. A shekarar 140 ne mafi ƙarancin makin da aka yarda jami'o'i su ɗauki ɗalibi da shi. Mai neman likitanci ba ya ko kallon wannan 140 ɗin, musamman a manyan jami'o'i irin su ABU da Bayero da Ɗanfodiyo da ta Maiduguri, amma 296 ai maki ne na shiga da ƙafar dama. Mahaifiyarta ta soya waina ta raba wa maƙwabta. A masallacinmu aka fara ce mini baban likita, ban kuma hana ba.

Lokacin da ta yi rajista ba ta ma zana WAEC ba, don haka a gurbin sakamakon sakandare aka sa mata haruffa biyu, AR, wato ana jiran sakamako. A watan Agusta WAEC ta fito: A1 a Bayoloji da Kimistiri, B2 a Fiziks, B3 a Lissafi, C4 a Turanci. Kiredit biyar ɗin da ake nema, kuma a zama ɗaya, yadda yawancin tsangayoyin likitanci suke so. Jami'ar da ta zaɓa ta buɗe rajistar tantancewa, na ɗauke ta a mota muka je kafe, wato shagon kwamfutar nan. Na ce wa yaron, "A ɗora mata sakamakonta." Ya ɗora, ya buga mana silif mai hotonta da makinta a jere. Na ba shi naira 1,500, muka dawo gida ina jin na sauke nauyi.

Ashe wuri biyu ake ɗorawa. Akwai shafin jami'a, akwai kuma na JAMB, wanda ake kira CAPS. Tun 2017 duk wani admishan ta nan yake bi: jami'a ta miƙa sunan wanda take so, JAMB ta duba ta amince, ɗalibi ya shiga ya danna ya karɓa. Wanda sakamakonsa na sakandare bai hau CAPS ba, sunansa ba ya wucewa, ko da 350 ya ci. Kuma ba kowane kafe ne ke iya ɗorawa a can ba, sai cibiyar CBT, wato wurin zana jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita ko ofishinta na jiha. Yaron shagon a shafin jami'a kaɗai ya ɗora, don shi kaɗai yake da ikon shiga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ɓoye maganar aka yi ba. Kowace shekara hukumar tana nanata ta. Ni da kunnena na ji a rediyo ina tuƙi, na ce a raina, mu ai mun gama wannan.

Ta yi tantancewa ta fito da murmushi. Jerin farko ya fito, babu sunanta. Akwai na ƙawarta da suka yi aji ɗaya, mai 271. Na ce a yi haƙuri, jeri na biyu na tafe. Ya fito, babu.

Nan ne na yi kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon tsada. Maimakon in ce ta buɗe shafinta mu duba, sai na yanke wa kaina hukunci cewa an yi mana ƙafar ungulu, abin sai da hanya. Duk wanda na faɗa wa sai ya gyaɗa kai ya ce ai ƙasar ke nan. Na shiga neman wanda ya san wani. Na je gidan wani babban mutum sau uku ina zaman jira a zaure, na karɓi wasiƙa daga wani, na yi ta kiran wani da ba ya ɗauka. Makonni kusan biyar na ƙone a haka, alhali abin da zai warware matsalar yana cikin wayar da ke hannun yarinyar.

Wani abokina da muka yi firamare tare, ma'aikaci a jami'ar, shi ya gaji da kokena ya kai ni wurin wani jami'i a ofishin ɗaukar ɗalibai. Dattijo ne mai furfura, tabarau a kan hanci. Ya karɓi lambar rajistarta ya buga, ya yi shiru, sannan ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ya ɗora biro a kan haruffan nan biyu.

"Alhaji, ai yarinyarka har yanzu jiran sakamako take yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ɗora tun watan Agusta." Na zaro silif ɗin, hannuna na rawa. Ya duba ya miƙo mini.

"Wannan namu ne. Na JAMB fa?"

A ranar muka je cibiyar CBT. Minti ashirin bai cika ba aka gama, har da ɗaukar hoton yatsanta. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Likitanci ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne da za a ce a ƙara kujera ɗaya. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta. Guraben ma a jami'o'in tarayya a rabe suke: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mamana ta cancanta ta kowace ƙofa, sai dai duk an cike su kafin sunanta ya bayyana.

Faɗa mata shi ne abu mafi nauyi da na taɓa yi a matsayin uba. Ta saurare ni har na gama, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba komai Abba, haka Allah ya tsara." Na yi imani da ƙaddara, amma na san raƙumin nan ban ɗaure shi ba. Da ta yi kuka ko ta yi fushi da na fi samun sauƙi.

Daga baya aka ba ta Fiziyoloji. 'Yan uwa suka yi caa, a karɓa, ai in ta shiga za ta canza. Wannan karon na tambayi waɗanda suka sani, kuma duk bakinsu ɗaya: masu tsallakawa daga wani kwas zuwa MBBS, wato digirin likitanci, 'yan ƙalilan ne, kada a gina rayuwar yarinya a kan haka. Kuma da zarar ka danna karɓa a CAPS, ka rufe wa kanka sauran ƙofofi na wannan shekarar. Na bar mata zaɓi. Ta kwana biyu ba ta ce komai ba, sannan ta ce za ta sake.

Shekara guda a gida ba wasa ba ce ga budurwa a unguwa irin tamu. Masu zuwa da maganar aure suka fara sallama. Ita kuwa tana tashi tun asuba da littattafan da ta riga ta haddace. A 2024 ta sake zana JAMB ta ci 287, ƙasa da na farko da maki tara, a shekarar da kusan kashi uku cikin huɗu na ɗalibai sama da miliyan 1.8 ba su kai 200 ba. Na tsaya a bayan mai ɗora sakamakon a cibiyar CBT har sai da na ga darussan nan biyar sun fito a shafinta da idona, na kuma sa ta riƙa buɗewa duk Juma'a. Sunanta ya fito a jerin farko. Da 287.

Iyaye suna yawan tare ni yanzu suna tambaya ko maki kaza zai isa likitanci. Nakan ce ban isa in yanke ba, don kowace jami'a da yadda take haɗa lissafinta, wata ta raba tsakanin JAMB da tantancewa, wata ta sa har da darajar kiredit ɗin WAEC ko NECO. Sai in ce su ciro waya a nan take, yaron ya buɗe CAPS a gabana. Na kama mutum biyu da AR a haka, ɗaya ɗan maƙwabcina ne.

Mamana ta tsallake shekarar farko, wadda ita ma siraɗi ce, don ba duk wanda ya shiga ba ne ke wucewa aji biyu. Farar rigarta ta ɗakin gwaji tana rataye a bayan ƙofa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Ƙawar nan tata mai 271 tana gaba da ita da aji guda, takan zo gidanmu ta kawo mata tsofaffin takardunta. Idan ta durƙusa ta ce, "Abba ina wuni," nakan amsa, in sa mata albarka, in tashi in shige ɗaki.