Kayan da mai aikin hannu zai tanada a gida

Masu aikin hannu a gida, don Allah ku tanadi almakashi biyu, ɗaya na yadi, ɗaya na takarda, kuma kar a haɗa su. Takarda na dakushe kaifi da wuri, in aka koma kan yadi sai almakashin ya riƙa tauna shi. Ku ɗaura wa na yadin ƙyalle a mariƙi don kowa ya gane.

Gam ma iri biyu ake buƙata. Farin gam na takarda ne da kwali da katako. A shafa kaɗan, a danne da abu mai nauyi minti 30, amma sai bayan awa 24 yake kamawa sosai. In ya yi yawa, ruwan cikinsa ke sa takarda ta yamutse. Bindigar gam, wato na'urar da ke narkar da sandar gam da zafi, ta fi sauri, sai dai gam ɗinta ba ya daɗewa a jikin gilashi, kuma zafi na sassauta shi. A duba faɗin ramin da sandar gam ke shiga kafin sayen sanda, akwai ta milimita 7, akwai ta 11.

In za a yanka da reza, a sa rula ta ƙarfe, don ta roba rezar na cinye gefenta. Sai allura, zare baƙi da fari, tef ɗin awo da fensir. Burushi kuwa a wanke shi nan take, in fentin akirilik ya bushe a gashinsa ruwa ba ya fitar da shi.