Ranar da muka ja ƙaramar mota a bayan motar tafi-da-gidanka

Asabar, da dare.

Yau muka fita doguwar tafiya da motar tafi-da-gidanka, wato babbar mota mai wurin kwana da girki a cikinta, tana jan ƙaramar motarmu a baya, kuma kusan rabin safiyar ya tafi ne a kan gardama ɗaya tsakanina da ƙanina, wato ko ƙaramar za ta biyo mu da tayoyinta huɗu a ƙasa, ko kuwa sai an ɗaga na gabanta. Amfanin tafiya da ita a fili yake, domin idan an isa masauki an daidaita babbar, an jona mata wuta da ruwa, babu mai son ya sake tayar da ita saboda ɗan aike na kusa. Abin da ya kawo tsaiko shi ne ƙaramar otomatik ce.

Ƙanina ya ce, "Yaya, ai abin bai kai haka ba. A sa ta a firi, a saki birkin hannu, ta biyo mu." Ban ga laifinsa ba, domin ya saba da mota mai giyar hannu, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan ana jansu a haka lafiya lau. Amma otomatik hanyarta daban. Famfon da ke tura mai cikin sassan giyabos ɗinta daga inji yake samun juyi, saboda haka da zarar an kashe inji, famfon ya tsaya, man ya koma ya kwanta a ƙasa. Su kuwa tayoyi, muddin suna kan titi ana jan motar, suna juya sandunan da suka haɗa su da giyabos, sandunan kuma suna juya haƙora da boris na ciki, duk a bushe, ba man da zai rage gogayya, ba kuma wanda zai kwashe zafi ya kai wurin sanyaya. Firi tana raba inji da tayoyi ne kawai, ba ta raba tayoyi da giyabos.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan ɓarna shi ne ba ta da ƙara. Direba yana can gaba a babbar mota, ba zai ji komai ba, ba fitilar gargaɗi da za ta kama a gabansa, sai an sauka an tayar da ƙaramar sannan a ji man yana ƙauri ya yi baƙi, ko a ga giya tana zamewa, a lokacin kuwa aikin gama ya gama.

Da na ga bayanina bai gamsar da shi ba, sai na ɗauko littafin da ya zo tare da motar, domin shi kaɗai ne alƙali a wannan magana. A nan ma akwai wurin da mutane ke tuntuɓe. Littattafai da yawa suna da shafi kan jan mota idan ta lalace a hanya, inda wasu kamfanoni suka yarda a ja ta a firi muddin ba a wuce gudun kilomita 50 a sa'a ba, kuma nisan bai haura kilomita 50 ba. Wannan sassauci ne don a kai ta gareji, bai shafi tafiyar yini guda a babban titi ba. Jan mota a bayan motar tafi-da-gidanka yana da shafinsa daban, kuma amsar tana canzawa har tsakanin shekara da shekara a samfuri ɗaya. Honda CR-V ta 2014 da waɗanda suka gabace ta ana iya jansu da taya huɗu a ƙasa, bisa sharaɗin a tayar da inji, a bi da giyar matakanta, a dawo firi daga D ba daga ribas ba, a bar injin ya yi minti 3, a kuma maimaita hakan duk bayan sa'o'i 8 na tafiya. Daga 2015 da aka sa mata giya nau'in CVT, wato otomatik marar matakan giya, wannan dama ta kau. Tamu ma CVT gare ta, tayoyin gaba ne ke janta, kuma littafin ya hana a ja ta da su a ƙasa ko da a firi ne. Ƙanina ya karanta da kansa, ya ce, "To, Yaya, a kawo tirelar."

Mun hau da tayoyin gaba kan ƙaramar tirela mai taya biyu, muka ɗaure kowace taya da igiyarta, muka ƙara sarƙar kariya, aka sa giya a P, aka saki birkin hannu domin tayoyin baya su juya. Wannan dabara tana aiki ne saboda tayoyin bayan motarmu ba su haɗe da giyabos. Da a ce na baya ne ke tura ta, sai an kwance farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, tukuna, in kuwa duk huɗun ne ke ja, to galibi sai babbar tirela da za ta ɗauke ta gaba ɗaya. Mun gwada fitilun birki da sigina, na kuma sake duba cewa nauyin motar da na tirelar bai wuce abin da aka rubuta babbar za ta iya ja ba.

A hanya abu biyu na riƙe. Na farko, tsayawa tana buƙatar fili fiye da yadda ƙafata ta saba, ko da yake tirelar tana da nata birkin. Na biyu, babu ribas, domin ɗan ja da baya kaɗan ya isa ya karkatar da tirelar ta daki jikin mota, shi ya sa ban shiga gidan mai ba sai da na hango ta inda zan fita. Mun tsaya ba da jimawa da tashi ba muka ƙara ɗaure igiyoyin, waɗanda dama sukan saki kaɗan idan tayoyi sun zauna.

Da la'asar a wurin hutawa muka tarar da wani dattijo yana jan Jeep Wrangler da taya huɗu a ƙasa, ita ma otomatik, ƙanina kuwa ya dube ni kamar ya samu hujja. Na ce, "Baba, yaya kake yi da giyarta?" Ya nuna mana ƙaramin hannun da ke gefen na giya, na akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Shi wannan akwati yana da tasa firin, kuma idan aka sa shi a nan, tayoyin sun rabu da giyabos kwata-kwata, har ma ana barin giyar a P. Ya kuma nuna mana na'urar da ke taka birkin Jeep ɗin duk lokacin da ya taka nasa, da wayar da za ta kama birkin idan sandar ja ta ɓalle.

Shi ne ya kawo zancen famfon lantarki da ake sa wa wasu motoci don ya riƙa zagaya da man giya yayin da ake jansu. Na san ana yi, amma raina bai kwanta da shi ba, domin lafiyar giyabos gaba ɗaya ta rataya ke nan a kan fiyus guda da 'yar waya, kuma kamfanin da ya hana jan motar ba zai ɗauki asarar ba idan abin ya ƙi. Wahalar tirelar dai ita ce hawa da sauka, da neman inda za a ajiye ta a masauki, kuma na gwammace wannan.

Mun iso bayan magariba, muka sauke ƙaramar, na zagaya da ita kaɗan, giya tana shiga sumul ba wani ƙauri. Gobe kafin mu tashi sai na auna iskar tayoyin tirelar, domin na hagu ya fi na dama ɗumi da na taɓa su.