Lambar da ke kan kati ba ta magana sai an tambaye ta

Ɗalibin jinya da ya kai shekara ta biyu ya iya auna zafin jiki, ya iya ɗaura abin awon BP, ya iya cika kati tsaf. Abin da ke ɗaukar lokaci, ko a Kafanchan yake karatu, ko a Shika, ko an turo shi ɗakunan asibitin Barau Dikko, shi ne ya dubi abin da ya rubuta ya gane me jikin majinyaci ke faɗa.

Ɗauki mai jego da ta haihu da asuba. Ƙarfe 8, bugun zuciya 88, BP 120/80. Ƙarfe 10, bugu 112, BP 100/70. Ɗalibi zai ce ai 100/70 ba ta faɗi ba, ya wuce gado na gaba. A nan ake asara. Jikin mace mai ƙuruciya yana riƙe BP ta hanyar ƙara gudun zuciya da matse jijiyoyi, saboda haka bugu ke fara tashi, BP kuwa sai jini ya zuba sosai take faɗuwa. A koya masa lissafi: ya raba adadin bugu da lambar BP ta sama, wato 88 a raba da 120. Da safe 0.7 ne, lafiya lau. Yanzu ya haura 1.1, alhali daga 0.9 ake shiga damuwa. Sai hannu ya bi lissafi: a taɓa mara, mahaifa ta yi tauri ko ta saki? Mafitsara a cike take? Cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. A ɗaga zani a duba har ƙasan bayanta, don jini yakan taru a can. Mililita 500 bayan haihuwa zubar jini ce, kuma ido yakan raina yawansa.

Numfashi shi ne awon da aka fi yi wa ha'inci. Sai ka ga 20, 20, 20 a jere kamar an buga hatimi. Minti ɗaya cur ake ƙirgawa, ba tare da majinyaci ya sani ba. Ga babba, 12 zuwa 20 a minti shi ne daidai. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40 a tuhumi ciwon huhu.

Sai kuma cutar "ai maleriya ce". Da damina kusan kowane zazzaɓi sunan da ake ba shi ke nan. Malami ya tilasta wa ɗalibi kawo dalilai 3 da za su iya haddasa abin da ya gani, da alamar da za ta nuna kowanne: taurin wuya ga sanƙarau, musamman lokacin zafi, zazzaɓin da ya ƙi jin magani tare da ciwon maƙogwaro ko zubar jini ga Lassa.

A gefen gado, malami ya riƙe amsarsa tukuna. "Me kika gani? Me ya canza tun safe? Idan aka bar ta awa ɗaya, me zai faru?" Amma ba a tsawa a gaban 'yan uwan majinyaci, ɗalibar da aka kunyata gobe shiru za ta yi ko da ta ga abin tsoro.

In za a kira likita, a daina "jikinta ya ɗan rikice". A ce: "Likita, gado na 4, ta haihu da asuba, bugu ya tashi daga 88 zuwa 112, mahaifa ta saki, muna murza ta. Ka zo yanzu."