Tuwon shinkafa, kifin Argungu da bandar Yawuri

A unguwarmu da ke Birnin Kebbi akwai wata dattijuwa mai koko da ƙosai, kowa Inna yake ce mata. Da an sallame asuba ta hura wuta, kafin ƙarfe takwas ta kife kasko. Na fi shekara goma ina karyawa a wurinta, kuma a nan na fara gane cewa ƙosan kaskon farko daban yake da na ƙarshe. Na farko man bai gaji ba, ƙullun kuma yana da iskar bugun da aka yi masa, sai ya tashi ya yi sakwat. Ranar da na makara, da na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?" sai ta ce, "Lahiya lau, ɗana. Yau barci ya ci rabonka." Ta zuba mini na ƙarshen, ta ƙara biyu gyara.

Ina son abinci ƙwarai, kuma ina son in san asalin abin da ke cikin kwanona. Cin da nake yi kullum ba wani mai yawa ba ne. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, ko fura idan zafi ya tsananta. Da dare tuwon shinkafa da miyar kuka ko ta sure, a jefa busasshen kifi da daddawa, a ɗiga man shanu. Ranar Juma'a maiɗakina takan yi waina da miyar taushe.

Shinkafa ita ce abin alfaharinmu a Kebbi. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, manyan injinan casa suka ƙaru a jihar, ta kuma haɗa hannu da Legas aka fito da shinkafa mai suna Lake Rice a 2016. Tsakuwa ta ragu a shinkafar gida, wannan kam mun gode Allah. Amma akwai abin da buhu mai tambari ba ya faɗa maka. Na taɓa sayo buhun turararriyar shinkafa mai kyawun ido na kawo gida da niyyar tuwo. Maiɗakina ta damƙi ƙwayar ta duba, ta ce wannan ta dafa-duka ce, ko an kwana ana tuƙa ta ba za ta kama jikinta ba. Turarawa na ƙarfafa ƙwayar ta sa ta warware in an dafa, shi kuwa tuwo ɗanyar shinkafa yake so, wadda za ta narke ta yi danƙo. Tun daga lokacin nake sayen ta tuwo a mudu, a hannun matan da ke kawo ta daga ƙauyukan fadama, ina kuma tambayar ko sabuwa ce.

Akwai shekarun da na ɗauki gidajen abinci na zamani da zafi. Duk wanda aka buɗe a gari sai na je na zauna cikin sanyin na'ura, na ci jalof da kaza ko soyayyiyar shinkafa. Wasunsu suna ƙoƙari, musamman wajen tsabta, kuma har yanzu ina kai baƙi. Abin da ya sanyaya mini jiki ya faru a wani daga cikinsu. Na nemi farfesun kifi, aka kawo mini kifin teku na ƙanƙara, an cika masa barkono don a rufe ƙarninsa. Na tambayi yaron da ya kawo ko babu na gulbi, ya ce wannan ya fi sauƙin ajiya. Abin ya yi mini ciwo. Gari yana zaune a bakin fadama, masunta suna fita kullum, amma a ciyar da mutum kifin da ya yi watanni a daskare. Yanzu kafin in nemi komai a irin waɗannan wurare ina tambaya yaushe aka sauke miyar, kifin kuma daga ina yake. Wanda ya amsa kai tsaye, ina komawa wurinsa.

Wannan farfesun ne ya sa na fara fita ranar Asabar. Argungu ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba daga Birnin Kebbi. Yawancin mutane bikin kamun kifi suka san ta da shi, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta ƙarfafa zumunci tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Na halarci bikin, na ga dubban masunta sun faɗa gulbin Matan Fada da homa da gora. Sai dai ranar biki ba ranar cin kifi ba ce, cunkoso ya yi yawa, farashi ya hau, masu suya kuma sauri suke yi. Ni na fi son ranar da babu kowa, in isa da hantsi lokacin da masunta ke dawowa. Shi Matan Fada ana tsare shi ne saboda bikin, don haka kifin da za ka samu a kasuwa daga sauran sassan gulbi da tafkunan fadama yake fitowa.

A can na haɗu da wani tsohon masunci yana gyaran komarsa a inuwa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, giwan ruwa nake nema, amma ban iya zaɓe ba." Ya ajiye zaren ya kai ni wurin wata mai tire. Ya ɗaga gefen kan kifin ya nuna mini ciki jawur, ya ce in ya fara yin toka-toka to ya kwana. Ya danna tsokar da yatsa ta dawo nan take. Ya ce in duba idon, in yana sheƙi to yau ya bar ruwa. Sannan ya raba mini su: giwan ruwa tsokarsa fara ce mai ƙarfi, ƙaya kaɗan, ba ya dagargajewa a miya, tarwaɗa tana da maiƙo, ita ce ta farfesu, ƙarfasa kuwa a tsaga ta a soya ta ƙandare. Ya kuma ce in daina zuwa tsakiyar damina ina kukan tsada, lokacin ruwa ya cika ko'ina kifi ya watsu cikin ciyawa. In ruwa ya fara janyewa bayan kaka, nan ne ake samu da yawa.

Ranar wata mata ce ta soya mini ƙarfasa biyu a bakin kasuwa, ta barbaɗa yajin ƙuli, ta yanka albasa a kai. Na zauna a benci na ci da hannu, man yana zuba. Har yau ban ci soyayyen kifin da ya kai wannan ba, kuma ba komai ta sa masa ba sai gishiri. Bayan azahar na leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, na kama hanyar gida.

Jega da Aliero ba na daɗewa a cikinsu. Aliero albasa nake zuwa saye idan an cire ta da rani, lokacin da take araha, in shimfiɗa ta a ɗaki mai iska. A Jega kuwa ina tsayawa tasha in sha fura da nono. Direbobin haya ne suka nuna mini wadda za a saya a wurinta, kuma a kowane gari na sauka su nake fara tambaya, domin mutumin da ke bin hanya ɗaya kullum ba ya komawa inda cikinsa ya taɓa ɓaci.

Yawuri ta fi nisa, sai an bi ta Jega da Koko, don haka da asuba nake tashi in dawo kafin magariba. Ba na yarda dare ya same ni a hanya. A Yelwa, babban garin Yawuri, kogin Kwara ya yi faɗi, ruwan da madatsar Kainji ta tare tun 1968 ya kai har can, kuma bandar kifinsu ta shahara. Zuwana na farko na yi gaggawa, na sayi kwali guda ban buɗe ƙasa ba. Da muka zo gida na sama lafiya lau, na ƙasa kuwa ƙwari sun cinye cikinsu sun bar gari. Rabin kuɗin ya tafi a banza. A zuwa na biyu na sa aka juye kwalin a gabana, na karya ɗaya na duba ciki, na shinshina. Banda mai kyau ƙamshin hayaƙin itace take yi, tana da nauyi a hannu, tsokar tana ɓarewa sala-sala. In ka ji wani wari mai kama da na maganin ƙwari, ka bar ta ko nawa aka rage maka, domin akwai masu fesawa don kada ta lalace. A gida kuma sai an jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri kafin ta shiga tukunya.

Daga wannan kwalin na biyu na ware manya guda huɗu na kai wa Inna da safe. Ta juya su, ta karya wutsiyar ɗaya ta kai hanci, ta ce, "Wannan ta Yawuri ce. Allah shi yi maka albarka, ɗana." Ta naɗe su a gefen zane, ta ɗebo mini ƙosan kaskon farko.